Yadda Zaka Je Kallon Besbol Na Ƙananan Lig A Amurka, Ka Iya Karanta Mai Jifa

Duk bazara sai na ja wani daga cikin mutanenmu na nan Greensboro zuwa filin besbol, wani ɗan Maraɗi, wani ɗan Damagaram, wani ɗan Kano irina, kuma kusan magana ɗaya suke yi bayan minti ashirin: wai shi wannan wasan yaushe za'a fara ne? Alhali an daɗe da farawa. Ba laifinsu bane, mu da muka tashi da ƙwallon ƙafa idonmu ya saba bin ƙwallo duk inda ta gangara, toh a besbol in kace ƙwallon zaka bi sai an doke ta, zaka kwana kana jira. Wasan yana hannun mutum ɗaya ne, yaron nan da ke tsaye kan ɗan tudu a tsakiyar fili yana jifa. Ranar da ka iya kallonsa ranar ka fara kallon besbol. Kuma wallahi babu inda yafi sauƙin koyon wannan kallon kamar ƙananan lig, don a can da kuɗin da bai kai na man mota ba zaka zauna kusa har kana jin ƙarar ƙwallon tana faɗawa safar mai cafka.

Matakin farko, ka san inda zaka

Babban lig ɗin shine MLB, ƙungiyoyi 30. Kowace ɗaya tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu da take renon yaranta, tun gyaran da akayi a 2021 suka zama 120 cif. Hawa huɗu ne kamar aji a makaranta: Single-A, sai High-A, sai Double-A, sai Triple-A wanda daga shi sai babban fili. Mu nan Greensboro a jihar North Carolina muna da Grasshoppers, High-A ce, yaran Pittsburgh Pirates ne, filinsu First National Bank Field na tsakiyar gari an buɗe shi a 2005. Yaron da Pirates suka ɗauka yawanci Bradenton zai fara, ya zo nan, ya wuce Altoona, ya wuce Indianapolis, sannan in Allah ya nufa ya ga Pittsburgh. Kusa damu akwai Winston-Salem Dash, tafiyar rabin awa, su yaran Chicago White Sox ne, sai Durham Bulls ta Triple-A, yaran Tampa Bay Rays, kamar awa ɗaya a mota.

Wannan banbancin hawan yana da amfani ga abinda zaka gani. A High-A yara ne 'yan shekara ashirin da ɗaya, da biyu, da uku, ƙarfi kamar me amma saiti bai zauna ba, yau yayi abin mamaki jibi ya kasa samun faranti, wato farar alamar da ke ƙasa kusa da mai duka wadda mai jifa yake saitawa. A Triple-A kuma zaka haɗu da manya, wasu sun taɓa zuwa babban lig an dawo dasu, wasu sun haura talatin suna jiran waya, su wayo ne yafi yawa a jifansu. Ni dai shawarata ka fara da ƙasa, don kuskure a fili yake, kuma ta kuskuren ake gane yadda daidai take.

Na biyu, zaɓen rana

Kaka tana farawa Afrilu (Triple-A ƙarshen Maris) ta ƙare Satumba, High-A wasa 132 suke yi, Double-A 138, Triple-A 150. Tsarin mai sauƙi ne: Litinin hutu, daga Talata zuwa Lahadi ƙungiya biyu ne zasu ta karawa kwana shida a jere a fili ɗaya. To tunda mai jifa kazo kallo, kar ka sayi tikiti da ka, ka buɗa manhajar MiLB, wato ta ƙananan lig, ko shafin ƙungiyar ka duba wa aka sa zai fara jifa ranar. Mai farawa yawanci sau ɗaya yake fita a sati, wani lokacin wanda yayi Talata ya sake yin Lahadi, don haka in ka gane ranar yaron da kake so shikenan ka gane ranarka.

Talata da Laraba sune ranakun mai son kallo da natsuwa, mutane kaɗan, babu hayaniya, kujerun gaba a sake. Juma'a da Asabar akwai cika, sau da yawa da wasan wuta bayan an tashi, in da yara zaka su zasu ji daɗi amma kai ba zaka samu natsuwar ba. Alhamis a filaye da yawa ranar rangwamen giya ce, ni bana kai iyali ranar. Akwai kuma ranar da suke barin mutane su shigo da karnukansu, suna sanarwa a jadawali, ka duba tun kafin ka fito kar kaje ka tarar da kare a kujerar gefenka da kayan sallarka a jiki. Wasan Lahadi yawanci da rana ake yi, kuma zafin Yuli na North Carolina mai gumi ne irin na Legas ba busasshe irin namu ba, ka nemi ɓangaren inuwa.

Wani abu kuma, in ka ji ance wani babban ɗan wasa da yaji rauni zai zo gwajin dawowa, ka bar komai kaje. Doka ta bawa mai jifa har kwana 30 yana wannan gwajin a ƙananan lig, kaga kenan da ɗan kuɗi kaɗan zaka ga gwani da yaro a tudu ɗaya a dare ɗaya, ka kwatanta da idonka.

Na uku, kujera, kuma nan ne mutane suke asara

Tikiti bashi da tsada, ni tsakanin dala goma zuwa ashirin nake saya. Ka nemi bayan faranti, wato bayan mai cafka da alƙalin wasa, ba layin farko ba, ka ɗan hau kamar layi na shida zuwa goma, kuma ka ɗan goce gefe kaɗan don kar bayan alƙalin ya tare maka. Daga nan ne kawai zaka ga ƙwallon tana karyewa hagu ko dama ko tana nutsewa. Akwai raga a gabanka, minti biyar idonka zai manta da ita. Alamar ka zauna daidai itace kaga wasu mutane a kusa da kai da hula da littafi ko kwamfuta, wasu da bindigar auna gudu suna ɗagawa duk jifa, waɗannan masu farautar 'yan wasa ne na ƙungiyoyi daban daban, aiki suke yi, ka gaishe su amma kar ka dame su da tambaya ana tsakiyar jifa.

In fili babu cika, bayan zango biyu ko uku (zango shine juyin da kowace ƙungiya take samun nata dukan sau ɗaya) ka tashi ka koma gefe, ɓangaren tasha ta uku in mai jifan na dama ne, ta ɗaya in bahago ne, don nan ne ƙirjinsa yake fuskanta (tashoshi uku ne mai duka yake zagayawa kafin ya dawo faranti ya ci maki, in kana bayan faranti ta ɗaya tana damanka, ta uku tana hagunka). Daga baya ƙwallo kake gani, daga gefe mutum kake gani: takunsa, ƙugunsa, inda hannu yake sakin ƙwallon. Sai ka haɗa biyun kafin kace ka kalli mai jifa.

Na huɗu, ka riga kowa zuwa

Yawanci awa ɗaya kafin wasa ake buɗe ƙofa. Ka duba dokar jaka tun daga gida don filaye da yawa ƙarama ko mai shara-shara kawai suke bari, wasu kuma kati kawai suke karɓa banda tsabar kuɗi. Abinci ka kula, hodog ɗin nan da tsiran da suke gasawa akwai mai alade, ka tsaya kan gyaɗa da gugguru da soyayyen dankali in baka tabbatar ba. Sallah kuma kayi La'asar kafin ka shiga, in wasan 6:30 ne a watan Yuni ko Yuli rana bata faɗuwa sai wajen 8:30 ko ta ɗan gota, Magariba zata same ka kusan ƙarshen wasa, ni nakan shigo da alwala in samu lungu a bayan kujeru in yi, in kuma mota kake son komawa ka tambayi mai tsaron ƙofa ko zasu barka ka dawo kafin ka fita.

Dalilin sammakon shine ɗumin jiki. Kamar minti talatin ko arba'in kafin a fara, mai jifan zai fito can ciyawa shi da mai cafka suna jefa wa juna, suna ja da baya suna ja da baya har sai tazarar ta zama abin mamaki, sannan su dawo kusa, sannan su shiga wurin gwaji da ake cewa bulfen. In filin ya bada dama ka tsaya kusa da wurin. A nan na fara jin sautin da ƙwallo take yi in tana tsaga iska, wani irin fiii sannan tas a cikin safa, talabijin bata taɓa kawo maka wannan. Kayi shiru dai, kar ka kira shi, kar ka nemi hoto, lokacin kansa yana cikin aiki.

Na biyar, ɗan abinda dole ka sani na doka

Ba zan cika ka da doka ba. Tsakanin tudun da farantin ƙafa 60 ne da inci 6, wato mita 18.44, tudun tsayinsa inci 10, faɗin farantin inci 17. Ka ɗauka akwai wata taga a iska saman farantin, daga ƙasan gwiwar mai duka zuwa wajen ƙirjinsa. Ƙwallon ta bi ta tagar bai doka ba, ko ya kai duka ya kuskure, sitiraik kenan, uku ya fita. Ta bi ta waje kuma bai kai mata duka ba, bol kenan, huɗu ya tafi tasha ta ɗaya kyauta. In ya doka ta fita gefen layi ana ƙirga ta sitiraik amma bata zama ta uku. An fidda mutum uku sai a juya, zango tara ake yi. Allo zai nuna maka lamba biyu kamar 2-1, ta farko bol ta biyu sitiraik. Wannan lambar itace zaren labarin gaba ɗaya, 0-2 mai jifa ne a sama yana iya wasa da hankalin mai duka, 3-1 kuma shi ke cikin matsi dole ya kawo ta tsakiya kuma mai dukan ya sani.

Akwai agogon jifa ma a fili, tun 2015 aka fara shi a Double-A da Triple-A kafin babban lig ya ɗauka a 2023, shi yasa yanzu wasa kamar awa biyu da rabi an tashi.

Na shida, gane jifa iri iri

Nan zan daɗe don nan ne daɗin yake. Ƙwallon tana da ɗinki ja a jikinta, kuma yadda aka ɗora yatsu kan ɗinkin da yadda aka murza ta shi ke sa iska ta tura ta wani gefe. Ka fara da allon gudu, bayan kowace jifa zai nuna lamba a mil cikin awa. Zangon farko kar kayi komai sai kallon jifa sannan kallon lambar, zaka ga lambobin sun kasu gida gida da kansu, misali wasu 94, 95, wasu 86, 87, wasu 79, 80. To kowane gida jifa ɗaya ce.

Mafi gudu itace fasbol, uwar jifa. Mil 95 kusan kilomita 153 ne a awa, ƙwallon tana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, mil 100 kuma kilomita 161, kuma mafi gudun da aka rubuta a babban lig itace 105.8 ta Aroldis Chapman ɗan Kuba a 2010. Fasbol mai kyau in an jefa ta sama sai kaga kamar tana tashi, ba tashi take ba, faɗuwa ce bata yi kamar yadda ido ya zata, shi yasa sanda take bi ta ƙarƙashinta. Tana da ƙanwa, sinka, gudunsu kusan ɗaya amma ita nutsewa take tana shigewa ɓangaren hannun mai jifa, in kaga ana ta doka ƙwallo tana gangarawa a ƙasa ita ce ke aiki.

Silaida tana ƙasa da fasbol da kamar mil bakwai zuwa goma, tazo kamar miƙe zata yi sai a ƙarshe ta zille gefe tayi ƙasa. Kafbol tafi ta sanyi, tana yin baka, ta taso sama ta faɗo kamar an jefo ta daga kan katanga, ita ce mafi sauƙin ganewa ga sabon ɗan kallo, kuma in tayi kyau zaka ga gwiwar mai duka ta lanƙwashe yana tsaye bai motsa sanda ba. Sai wadda nafi so, cenjof, jifar yaudara. Hannu zai fito da ƙarfi ɗaya sak da na fasbol, amma ƙwallon an riƙe ta can cikin tafi, sai tazo a makare da kamar mil takwas zuwa goma, mai duka ya riga ya kai sara ya gama ita bata iso ba. Kamar ɗan dambe ne da ya nuna zai kawo hannu, abokin karawa ya kare, sannan hannun ya sauka. Kuma ita ce jifar da yaran High-A suka fi fama da ita, in ka lura sai kaga hannun yaro yana rage gudu in zai jefa ta, to ya tona kansa, in kai daga kujera ka gani mai dukan ya riga ka gani.

Ga wata dabara da wani dattijo mai zuwa da littafin rubutu ya nuna min, kuma ita ta buɗe min ido. Farkon kowane zango mai jifa yana yin 'yan jife-jifen ɗumi, babu mai duka a wurin, to a lokacin shi ke gaya wa mai cafka abinda zai jefo da safar hannunsa, a fili kowa na gani. In ya tura safar gaba tafi na kallon ƙasa, fasbol. In ya juya ta tafi ya kalli sama, kafbol. In ya share ta gefe, silaida. In ya miƙa ta ya janyo baya, cenjof. Kaga kenan an gaya maka sunan jifar kafin a jefa, saura kawai ka kalli yadda take tafiya ka haɗa da lambar allo. Kayi haka zango uku, na rantse zaka fara kiran jifa da kanka.

Na bakwai, ka bar lambar gudu ka kalli safar mai cafka

Kowa in allo ya nuna 99 sai a ɗau ihu, nima ina yi, amma gudu ba shine sana'ar ba. Kafin a jefa ka kalli inda mai cafka ya tsuguna da inda ya ajiye safarsa, sannan ka ga ina ƙwallon ta same shi. In safar bata motsa ba, wannan yaron ya iya. In ya nemi ƙasa ta waje ita kuma tazo sama ta ciki har sai da ya miƙe, ko da alƙali ya bada sitiraik jifar bata yi ba, sa'a ce. Akwai mai iya jefawa cikin taga, akwai mai iya jefawa kusurwar tagar da yake so, na biyun shi ake kira sama.

Sai ka ƙirga jifar farko ga kowane mai duka, sitiraik ce ko bol. Yaron da kullum yake fara da bol kullum a bashi yake. Ka kuma kalli me yake jefawa in yana cikin matsi, a 2-0 ko 3-1, in yana da zuciyar jefa cenjof ko silaida a nan kuma ta shiga, ka rubuta sunansa.

Daga gefe kuma abu uku: ƙafar gaba wuri ɗaya take sauka kullum ko tana yawo, har zaka iya ganin ramin da take yi a ƙasar tudun, hannu daga tsayi ɗaya yake sakin duk jifa ko yana sauka in zai jefa mai lanƙwasa, sannan kansa a tsaye yake ko yana fizgewa. In zango na biyar yazo kaga hannun ya fara sauka, ƙwallo tana tashi sama, lamba ta ragu da biyu ko uku, gajiya ce, ka waiga bulfen zaka ga wani ya tashi yana ɗumi.

Abinda nafi zuba wa ido shine bayan anyi masa ɓarna. Akwai wani dare da na kalli wani siririn yaro bahago, wani ɗan ƙungiyarsa mai tsaron fili ya saki ƙwallo mai sauƙi wadda da ta kashe zangon, mai duka na gaba kuma ya ɗaga ta bayan katanga. Yaron ya sauko bayan tudu, ya juya wa faranti baya, ya ɗauki 'yar jakar hodar nan da suke shafawa a hannu ya jujjuya ta ya yar, ya cire hula ya goge goshi da damtse, ya hau, jifar farko sitiraik a gwiwa. Bai kalli wanda yayi kuskuren ba ko sau ɗaya. Mutanen nan masu littafi duk sai naga sun sunkuya suna rubutu, kuma ba bugun da akayi masa suke rubutawa ba. Ka kalli kuma yadda yake in akwai mai gudu a tasha, don lokacin dole ya taƙaita motsinsa kar a sace masa tasha, yara da yawa nan saitinsu yake watsewa.

Na takwas, kar kayi masa hukunci da sakamako

Ƙananan lig makaranta ce, cin wasa ba shine na farko ba. Zaka ga yaro yana ta jefa cenjof ana ta dukanta kace shi wannan baya da hankali ne, alhali daga sama aka ce masa yau sai ya jefa ta adadi kaza ko me zai faru, don ita ya rasa. Zaka ga yana jifa lafiya lau babu wanda ya taɓa shi a zango na biyar a cire shi, ƙirga ce ta cika, a wannan hawan da wuya a bar yaro ya wuce jifa tamanin zuwa casa'in, kuma in zango ɗaya ya ci masa wajen talatin sau da yawa nan take ake cire shi. Gwiwar hannu suke tsoro, jijiyar nan da in ta tsinke sai tiyatar da ake kira Tommy John, sunan mai jifan da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974, kuma jinyarta shekara ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi. Filinmu na Greensboro kuma ƙarami ne, an san shi da yawan fitar ƙwallo bayan katanga, bugun da a wani fili za'a cafke nan sai ya fita, don haka lambar ERA, wato matsakaicin makin da ake ci ta hannunsa a zango tara, takan kumbura a nan ba tare da yaron ya lalace ba. Ka fi duba mutum nawa ya fidda da sitiraik da mutum nawa ya bawa tasha kyauta.

Kuma ka riƙa tuna waye a gabanka. Kafin yarjejeniyar ƙungiyar 'yan wasa ta 2023 mafi ƙarancin albashin ɗan High-A dala 11,000 ne a shekara, ita ta ɗaga shi zuwa 27,300, gidan kwana ma sai 2022 aka wajabta wa ƙungiyoyi su basu. Da yawansu 'yan Dominika ne da Benezuwela, sun baro iyaye suna turo kuɗi gida, Turancin ma bai zauna ba, mu da muke zaman ci-rani ai mun san wannan rayuwar. Mafi yawansu ba zasu taɓa taka babban fili ba. Shi yasa raina yake ɓaci in naji ana yi wa yaro ihu don ya bada bol huɗu. Kuma baka san wa kake kallo ba, Mariano Rivera ɗan masunci daga Panama a garin nan yayi jifa a 1991 lokacin ƙungiyar tana Hornets ƙarƙashin Yankees, jifar da ta sa duniya ta san shi ma bai same ta ba sai 1997, ya ƙare da tsare wasa 652, wato shigowa a ƙarshen wasa ya riƙe wa ƙungiyarsa nasara, kuma a 2019 ya zama na farko da duk masu zaɓe suka amince ya shiga zauren gwanaye babu ko mutum ɗaya da ya ƙi. Na kusa kusa kuma Jared Jones yayi kakar 2022 a nan, Bubba Chandler yayi 2023, duk sun isa Pittsburgh. Shi Paul Skenes da Pirates suka ɗauka na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2023 tsallake mu akayi dashi, bamu samu ganinsa ba.

Na tara, ka riƙe biro

Ba sai ka iya cikakken rubutun wasa ba. Ƙaramin littafi ya isa, kowane mai duka layi ɗaya, ka rubuta harafin jifa da gudunta, kamar F95, S86, ka zagaye wadda aka kai wa duka aka kuskure. In ya fidda mutum da sitiraik K ake rubutawa, in mai dukan yana tsaye bai kai duka ba sai a juya K ɗin baya. Amfanin zai fito in masu duka suka zagayo karo na biyu da na uku, sai ka duba me ya jefa wa wannan ɗazu, ya maimaita ko ya canza, kafin ka ankara ka fara cewa yanzu silaida zai jefo ƙasa ta waje, kuma ta zo. In da yaro kazo ka bashi aikin faɗin lambar allo kai kana rubutawa, haka nake yi da ɗana kuma baya neman waya har a tashi.

In hadari ya taso aka ja tamfol kar ka yar da tikitinka, in ba'a kai zango biyar ba aka fasa yawanci ana canza maka da na wata rana, kuma in aka haɗa wasa biyu rana ɗaya kowanne zango bakwai ne, masu farawa biyu kenan a zama ɗaya.

Bayan kayi wasa uku ko huɗu a High-A, sai ka shirya tafiya Durham. A Triple-A akwai na'urar da ke bin ƙwallo, in mai jifa ko mai cafka ko mai duka bai yarda da hukuncin alƙali ba sai ya taɓa hularsa, nan take a nuna a babban allo ta ina ƙwallon ta bi, ka gwada idonka da nata. Ka tafi da littafinka ɗin nan, ka zauna bayan faranti kamar yadda ka saba, ka ƙirga sau nawa safar mai cafka ta motsa a zango uku na farko, sannan ka buɗa shafin da ka rubuta a Greensboro ka ajiye lambobin biyu gefe da gefe.